Harafin da Ya Ɓace

Sun aiko mini kati mai bakin zinariya,
ni Nobantu Maqhina, tsohuwar mai buga tafireta,
suka zaunar da ni layi na huɗu, bayan matan kansiloli.
Iskar teku na ta fizgar ƙyallen da ya rufe allon,
ita ma ta ƙagu a gama.

Shekara goma sha tara na yi a ofishinka, Vuyani Somdaka,
ɗaki guda a saman shagon mai gyaran takalma,
warin gam na hawowa ta tsagar katako.
Kujera uku, ɗaya gurguwa.
Ita kake ja, ka bar wa baƙi masu lafiya.

Tun asuba jirgin Mdantsane ke juye mana su.
Wannan an kama mijinta, ya mance fas a aljihun wani wando.
Wancan an rushe gidansa yana wurin aiki,
ya dawo ya tarar da ƙofa kaɗai a tsaye,
makulli a hannunsa.
Kuɗin lauya? Ƙwai shida a cikin hula.
Kabewa. Wata rana har akuya,
ta cinye mana rabin ƙarar da za mu ɗaukaka.

Ka tuna yaron nan Mzoxolo?
'Yan sanda suka ce santsin sabulu ya kwashe shi a tsare.
Ka shiga kotu da sabon sabulu a aljihun baƙar rigarka,
ka dire shi gaban farin alƙali:
"Ranka ya daɗe, a rantsar da wannan,
ya faɗi yadda ya karya haƙarƙari bakwai,
ya kuma ƙona tafin ƙafa."
Ba mu yi nasara ba.
Amma magatakarda ya rubuta,
abin da tawada ta kama kuwa, ƙasa ba ta cin sa.

Da suka haramta maka zama da fiye da mutum ɗaya,
sai na riƙa tsayawa a dokin ƙofa,
ƙafa ɗaya ciki, ɗaya waje.
Kana dariya: "A lissafin gwamnati ke rabin mutum ce,
bari mu ci ribar lissafinsu."

Kada su ruɗe ni da kirari, na san ka.
Ka sha yi mini tsawa a kan waƙafi.
Wata uku ka taɓa riƙe albashina.
Ranar da 'yarka ta fara taku
kana can wajen belin ɗan wani.
Taba ta rine maka yatsu, haƙurinka gajere kamar ashana.

Sau biyu harsashi ya nemo ka, ya samu gilashin mota.
Ciwon sukari ne ya yi aikin,
saura wata biyar mu shiga layin ƙuri'a.
Da alƙalaminka a jakata na tsaya ranar,
tun duhu har rana ta karkata.

Yau ga wani yaro cikin kwat yana jawabi,
ya kira ka zaki, ya kira ka dutse,
kai da ko kare ya yi haushi sai ka tsallaka titi.
Aka ja ƙyalle, aka yi tafi.
Na gyara tabarau:
SOMDKA.
Sun haɗiye harafi ɗaya.

Dariya ta ƙwace mini har hawaye,
don tafiretarmu ma haka take haɗiye shi,
kai kuma ka bi shafi-shafi da dare
kana cusa kowane "a" da hannu,
kana cewa sunan mutum ba a rage masa komai.

Da jama'a suka watse wajen abinci,
wata tsohuwa ta taho, jikarta na riƙe da gwiwar hannunta.
Na gane tafiyar: uwar Mzoxolo.
Ba fure ta kawo ba.
Ta kwance bakin zane, ta ajiye sabulu a gindin allon,
ko ledarsa ba a ɓare ba.

Gobe zan dawo da ƙusa da ɗan fenti.
Idan mai gadi ya tare ni,
zan ce masa aikin ofis ne ya rage.